"A Tawa Tana Aiki" Ba Hujja Ba Ce: Nasiha ga Matasan Ikara, Makarfi da Kudan

Ƙannena na Ikara da Makarfi da Kudan, ku da kuka fara koyon rubuta manhaja, da ku da kuke zaman teburin gyaran waya, yau da ku nake. Kusan duk matashin da ya shigo wannan fanni burinsa ya ƙirƙiro manhaja mai kyan gani, ya raɗa mata suna, ya nuna wa abokai a allon waya. Buri ne mai kyau, Allah Ya cika muku shi. Sai dai akwai wani ɓangare na sana'ar da ba a ɗaukar hotonsa, ba a kuma yi wa mai yinsa tafi. Shi ne mutum ya zauna ya karanta aikin ɗan'uwansa layi bayan layi, yana tambayar kowane sashe da me ya dogara kafin ya yi aiki. Can nake so in ja ku, kuma ta kan madannan waya za mu bi.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai gyaran waya, a Hunkuyi ne ko a Tashar Yari ko can kasuwar Farm Centre ta Kano, ya san wannan al'amari. An kawo waya ta maƙale a tambarin kamfani, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Mai gyara ya ce sai an yi mata filashin. Ya samo fayil mai sunan wayar sak, ya jona mata waya da kwamfuta, ya jira layin launi ya cika, ya zare. Waya ta tashi har da kiɗan buɗewa, amma allon fari fat. Ko kuwa hoto ya fito tas, ka yi ta shafa gilashi ba ta jin yatsa. Ɗan koyo a nan yake fara gumi. Gogagge kuwa sai ya buɗe bayan wayar, ya karanta lambar da ke jikin bod, ya ce wannan fayil ba nata ba ne. Gaskiyarsa. Kamfani yakan fitar da waya da suna ɗaya alhali gilashin allon daga masana'antu daban-daban ya saye shi, kuma manhajar da aka zuba wa wannan wayar an haɗa ta ne babu direban gilashin da ke jikinta. Tun kafin wayar ta baro Shenzhen wani injiniya ya riga ya zaɓi abin da zai shiga cikin manhajar da abin da za a bari a waje. Wannan zaɓi, da yadda ake duba shi, shi ne batunmu.

A ƙarƙashin Android ɗin da ke cikin Tecno da itel da Infinix da Samsung akwai wata zuciya da ake kira kanel, wato Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan. Kanel ne kaɗai ke magana kai tsaye da kayan cikin na'ura, kuma kowane kaya yana da nasa direban, wato guntun manhajar da ta san yadda ake sarrafa shi. Maɓallin kunna waya da na ƙara murya suna da direba. Ƙananan wayoyi masu madannai da ke amfani da KaiOS, irin su Nokia 8110 da aka sake fitarwa a 2018, su ma Linux ne a ƙarƙashinsu, kuma direba ne ke gane wace lamba aka danna.

Ku ɓare mataccen kifad wata rana ku duba da idonku. Ƙarƙashin kowace lamba akwai ɗan faifan ƙarfe mai tudu, ƙarƙashinsa kuma zobba biyu na jan ƙarfe da ba su taɓa juna ba. Idan an danna, tudun ya lotsa ya haɗa su. Ba a ja wa kowane maɓalli zarensa daban. Maɓallai 12 ana jera su ne layi huɗu a kwance, uku a tsaye, sai zare bakwai su wadatar. Direba yana kunna layukan tsaye ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, yana sauraron na kwance, inda suka haɗu nan aka danna. Kuma da yake ƙarfen yakan yi ɗan tsalle na abin da bai kai ƙiftawar ido ba kafin ya zauna, dole direba ya ɗan jira, in ba haka ba ka danna 5 sau ɗaya ka ga 555.

Duk wannan hikima direban ba zai iya ta shi kaɗai ba. Wani yana buƙatar sashen kanel da ke kula da ƙafafun aisi (IC), wanda ake kira GPIO. Wani kuma ba ya taɓa madannan da kansa, wani ɗan aisi ne ke yi masa sintiri, kamar TCA8418 na kamfanin Texas Instruments da ke iya lura da maɓallai har 80, sannan ya aiko da labari ta zare biyu na hanyar da ake kira I2C. In babu sashen I2C a cikin kanel, wannan direba kurma ne.

To, kanel ɗin Linux ya haura layi miliyan 30, kuma daga tushe ɗaya ake haɗa na ƙaramar waya da na manyan kwamfutocin banki. Ba wanda ke zuba duka a na'ura ɗaya. Akwai zaɓuɓɓuka sama da 10,000, kuma tsarin da ke tsare su shi ne Kconfig, wanda Roman Zippel ya rubuta aka shigar da shi a 2002. Kowane direba yana da 'yan layuka a wani fayil mai wannan suna. Na madannai suna cikin drivers/input/keyboard/Kconfig, kuma ga kan bayanin wancan aisi da na ambata:

config KEYBOARD_TCA8418
tristate "TCA8418 Keypad Support"
depends on I2C
select INPUT_MATRIXKMAP

Layi huɗu ne, yaro ɗan sakandare zai iya haddace su kafin a kira sallar la'asar. Amma mutum zai iya shekara yana rubuta manhaja bai fahimci nauyin da ke kansu ba.

Layi na biyu yana cewa wannan direba yana da matsayi uku. Ana iya gina shi a cikin jikin kanel, alamarsa y. Ana iya ajiye shi a gefe a matsayin modul da za a ɗauko lokacin buƙata, alamarsa m. Ana iya barinsa gaba ɗaya, alamarsa n. Layi na uku sharaɗi ne: kada ma a nuna wa mai haɗa kanel wannan zaɓi sai in ya riga ya kunna I2C. Layi na huɗu kuwa umarni ne: duk wanda ya ɗauki wannan direba, a kunna masa wancan ɗan mataimaki da ke fassara layi da layi zuwa sunan maɓalli, ko ya nema ko bai nema ba.

A tsakanin na uku da na huɗu mafi yawan kurakurai suke kwana, don haka bari in tsaya a nan in daɗe. Ku 'ya'yan fadama ne, kun san injin ban ruwa. Manomin rake a Makarfi ko na tumatir a Kudan idan ya ce wa yaronsa, "Kada ka tayar da inji sai ka leƙa ka ga ruwa a rijiya," ya kafa sharaɗi irin na "depends on". Idan kuwa cewa ya yi, "Da ka ga na shigo gona, tayar da inji," ya ba da umarni irin na "select". Yaron zai ja igiya ko da rijiyar ta ƙafe, inji ya yi ta gurnani a bushe har ya lalace. Haka "select" yake. Yana tilasta kunna abin da aka ambata ba tare da ya waiwayi sharuɗɗan shi wancan abin ba. Takardun kanel da kansu sun gargaɗi masu rubutu da su yi hattara da shi, su taƙaita shi ga ƙananan mataimakan da ba su da wani sharaɗi nasu.

Ga yadda abin ke faruwa a zahiri. Akwai wani mataimaki mai suna REGMAP_I2C da direbobi da yawa ke amfani da shi wajen karanta aisi, kuma shi kansa ya dogara da I2C. Sai wani ya rubuta sabon direban madannai ya sa "select REGMAP_I2C", ya manta bai sa "depends on I2C" ba. A kwamfutarsa I2C a kunne yake tun fil azal, don haka komai ya haɗu lafiya, madannai suka yi aiki, ya aika da facinsa, wato sabon rubutun da yake so a ƙara wa kanel, yana murna. Bayan kwanaki wani a wata ƙasa, wanda na'urarsa ba ta da I2C, ya zo haɗa kanel. Tun a farko gargaɗi ya fito cewa an kunna wani abu da sharuɗɗansa ba su cika ba. Idan bai kula ba, bayan dogon jira aikin ya tsaya cak, baƙin allo ya cika da "undefined reference", wato an kira wani aiki da babu shi a cikin ginin. Marubucin bai yi ƙarya ba da ya ce ya gwada. Abin da ya gwada tsari ɗaya ne daga cikin tsare-tsaren da ba su ƙirguwa.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Abin da ke cikin jikin kanel ba zai iya jingina da abin da aka ajiye a gefe ba, domin a lokacin da ake ɗinke ginin wancan ba ya nan. Idan direba mai matsayi uku ne, Kconfig yana tsare wannan da kansa: in I2C modul ne, direban ma ba zai wuce modul ba. Amma idan marubuci ya rubuta "bool" a layi na biyu, wato i ko a'a kawai, to sharaɗin "depends on I2C" zai bar shi ya shige cikin jiki ko da I2C na gefe, ginin kuma ya karye. Maganinsa haruffa biyu ne, a rubuta "depends on I2C=y". Mai bita na ƙwarai idonsa kan irin waɗannan haruffa biyu yake.

Kada kuma ku ɗauka cewa tsaurara sharaɗi shi ne tsira. Wanda ya ɗaure direbansa da cewa sai a kan aisin MediaTek kaɗai za a iya haɗa shi, ya hana dubban masu kwamfuta ta gida gwada ko rubutunsa yana haɗuwa, sai kuskure ya yi shekaru a kwance ba a gani ba. Don haka ne a 2013 aka shigo da zaɓin COMPILE_TEST, wanda ke ba da damar a haɗa direba don gwaji kawai a kan na'urar da ba tasa ba. Shi ma da tasa wutsiyar. Da ka buɗe wannan ƙofa, direbanka zai isa wuraren da ba ka taɓa tunani ba; a da har yakan kai ga manyan kwamfutocin IBM na s390, waɗanda idan an haɗa su babu PCI ba su da hanyar taɓa kayan aiki da direbanka ya saba da ita. A lokacin sai an ƙara sharaɗin HAS_IOMEM. Wanda kuma ya saki sharaɗi gaba ɗaya, ko ya sa direbansa ya kunnu da kansa ga kowa, ya ɗora wa miliyoyin na'urori kayan da ba nasu ba, kuma Torvalds ya sha yin faɗa a kan sabbin direbobin da ke zuwa a kunne ba tare da dalili ba. Aikin mai bita shi ne ya nemo daidai, kuma ba a samun daidai sai an buɗe rubutun direban kansa an ga waɗanne ayyuka yake kira da gaske, an bi kowanne zuwa gidansa.

Masu wannan sana'a sun san idon mutum yana gajiya, shi ya sa suka tanadi umarnin "make randconfig", wanda ke zaɓen tsari da ka, kamar an watsa ƙuri'a. Kamfanin Intel yana da na'urorin gwaji da ke yin wannan dare da rana, suna aika wa marubuci rahoto tare da ainihin tsarin da ya karya ginin. Akwai mutane irin su Arnd Bergmann da aka san su da gyara irin waɗannan karaya shekara da shekaru. Sashen madannai da sauran kayan shigar da bayani kuwa Dmitry Torokhov ne ya daɗe yana kula da shi, kuma facin da zai shiga can ta hannunsa yake bi. Duk da haka na'ura ba ta maye gurbin mai karatu ba. Ita tana gaya maka cewa gini ya karye. Ba ta gaya maka ko sharaɗin da aka rubuta gaskiya ne.

Na san wani cikinku zai ce, wannan ai ƙaramin abu ne, in ya karye a gyara. Ku dubi abin da ya faru a watan Maris na 2024. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Bai ɗaga kafaɗa ya wuce ba, ya bi diddigi, sai ya gano an dasa ƙofar ɓarayi a cikin xz, wata manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa har aka amince da shi, kuma bai ɓoye sharrinsa a cikin babban rubutun da kowa ke karantawa ba. A cikin fayilolin haɗa manhajar da na gwaji ya cusa shi, inda ya san ido ba ya zuwa. Har an samu inda ya saka ɗigo ɗaya tak a cikin wani gwajin tsari, ɗigon da ya sa wata kariya ta daina kunnuwa ba tare da kowa ya ji ƙara ba. Ba a kanel abin ya faru ba, amma irin fayilolin da nake roƙonku ku koyi karantawa ne.

Wannan ya kawo ni kan amana. A al'adar masu Linux, wanda ya rubuta faci yana sa sunansa a ƙasa, wanda ya duba shi ma yana sa nasa bayan kalmar "Reviewed-by". Wannan layi shaida ce, kuma tana zama a tarihin kanel har abada, kowa na iya ganinta. Mu da aka rene mu da sanin nauyin shaida bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Kada ka sa sunanka a kan abin da ba ka karanta ba don marubucin abokinka ne, ko don kana so a ga sunanka a jerin manya. In abin da ka yi haɗawa ce kawai ba ka gwada a kan na'ura ba, faɗi haka. In sashe ɗaya ka duba, ambaci sashen. Kuma idan ka ga kuskure, nuna shi da hujja da ladabi: ga tsarin da na yi amfani da shi, ga saƙon da ya fito, ga layin da nake ganin ya rage. Ba a buƙatar ka nuna wa mutum ka fi shi. Ranar da aka dawo maka da naka facin da jan layi, kuma za a dawo da shi, ka karɓa da irin zuciyar da kake so a karɓi naka gyaran. Na fi jin tsoron matashin da ba ya son a gyara masa fiye da wanda bai iya ba tukuna.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya a kan kanel ba. Mai gyaran da ya karanta lambar bod kafin ya yi filashin, ya kuma kwashe wa mai waya hotunansa da lambobinsa kafin ya taɓa komai, bitar dogaro yake yi ko da bai taɓa jin sunan Kconfig ba. Ɗalibar da ke rubuta manhajar aikin kammala karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya, idan ta ɗauki aikinta ta gwada a kwamfutar ƙawarta kafin ranar kare shi, ita ma shi take yi.

Na san halin da ake ciki. Wuta ba ta tsayawa, data da tsada, kwamfutar da yawancinku ke da ita ta hannu ce da aka sayo ta biyu. Abin daɗin shi ne wannan ɓangare na aikin bai da cin kuɗi. Tushen kanel kyauta ne a ƙarƙashin lasisin GPL, dunƙulallen fayil ɗinsa bai kai megabait 200 ba, mutum ɗaya ya sauke sauran su kwafa a filashi. Karanta Kconfig ba ya buƙatar intanet. Ba sai ka haɗa kanel duka ba, kana iya cewa a haɗa maka sashen madannai kaɗai, tsohuwar kwamfuta ma za ta iya kafin batir ya ƙare. Idan ka buɗe "make menuconfig" ka danna alamar / ka rubuta sunan direba, zai nuna maka abin da ya dogara da shi, da abin da yake tilasta kunnawa, da wanda ke tilasta kunna shi. Turanci kuwa dole ne a ƙoƙarta a kansa, domin da shi ake rubuta bayanin faci, amma ba Turancin gasar muhawara ake nema ba. Jimla gajeriya mai faɗin abin da ya karye da dalilinsa ta isa.

Akwai kuma ƙofofin shiga da aka tanada don sababbi. Gidauniyar Linux tana da shirin horar da masu son aikin kanel, akwai Google Summer of Code da ke gudana tun 2005, akwai kuma Outreachy, wanda ya buɗe wa mata da yawa hanyar shiga aikin kanel tun 2013. Ƙannena mata, wannan magana har da ku, kuma iyaye su sani aiki ne da ake yi daga ɗaki. Ba na yi muku alkawarin kuɗi da wuri. Wata na farko zai wuce kuna karatu ba ku gyara komai ba, kuma hakan ba asara ba ce. Abin da na tabbata shi ne, duk inda ake ƙera na'ura ana neman mutumin da za a miƙa wa tsari ya ce ga inda zai karye kafin ya karye, kuma irinsu ba su da yawa ko a ƙasashen da suka riga mu.

Don haka ina roƙonku, ku haɗu ku uku ko huɗu a garinku, ku tsayar da yamma ɗaya a mako. Ku buɗe fayil ɗin madannai, ku ɗauki direba ɗaya, ɗayanku ya karanta sharuɗɗansa da ƙarfi, sauran su buɗe rubutun direban su tabbatar ko abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da yake kira. Ku kashe I2C ku ga abin da zai ɓace daga jerin, ku mayar da shi modul ku ga abin da zai canja, ku rubuta abin da kuka gani a littafi. Idan kun gama da TCA8418, ku koma kan KEYBOARD_MATRIX da KEYBOARD_GPIO, mako na gaba kuma ku ɗauki wani. Allah Ya ba ku haƙurin karatu, Ya sa albarka a hannuwanku.